Ƙaramin Tallafi Ga Malamin Aji: Yadda Yake Aiki Da Inda Yake Samun Cikas

Masu kallo, barkanku da wannan lokaci. Akwai wani kuɗi da ake kashewa a harkar ilimi wanda ba ya fitowa a kasafin kowace gwamnati. Shi ne wanda malami ke zarowa daga aljihunsa ya sayi alli, maka, kwali, gam, almakashi, ko 'yan littattafan labari da zai jera a kusurwar aji. Ba wanda ya tilasta masa. Ya duba ne ya ga darasin gobe ba zai yiwu ba sai da su.

A Amurka sun taɓa zama sun auna abin. Cibiyar ƙididdigar ilimi ta ƙasar ta gano cewa a shekarar karatu ta 2014 zuwa 2015, kashi 94 cikin 100 na malaman makarantun gwamnati sun sayi kayan aji da kuɗinsu ba tare da an mayar musu ba, kuma a matsakaicin lissafi kowane malami ya kashe dala 479. Abin ya zama ruwan dare har dokar harajin ƙasar ta san da zamansa: an yarda malami ya cire dala 250 daga kuɗin da za a yi masa haraji a kai, aka ɗaga zuwa dala 300 a 2022. Idan haka lamarin yake a ƙasa mai arziki irin wannan, sai ku kwatanta da inda albashin kansa ba ya kai malami ƙarshen wata.

To me ya sa giɓin ya ƙi toshewa? Yawancin kuɗin makaranta albashi ne da gine-gine ke cinye shi. Ɗan abin da ya rage kuma sai ya bi ta ofis-ofis: a rubuta buƙata, a sa hannu, a nemi ɗan kwangila, a jira. Shi kuwa darasi ba ya jira. Ku ɗauki malamin kimiyya da zai koyar da maganaɗisu. Idan ba shi da ko ɗaya, sai dai ya zana a allo, yara su kwafa, su haddace cewa wai yana jan ƙarfe. Amma ku ba shi maganaɗisu guda shida da ɗan gwangwanin ƙusoshi, ya raba yara rukuni-rukuni. Nan take za ku ji ajin ya ɗauki hayaniya. Wannan na gwada cokali, waccan na gwada roba, wani can baya ya juya maganaɗisu biyu ya ga suna ture juna, ya ɗaga hannu yana tambayar dalili. Wannan tambayar ita ce darasin, kuma kuɗin da ya haifar da ita bai taka kara ya karya ba.

A nan ƙananan tallafi suke shigowa. Hikimarsu ɗaya ce: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Maimakon wani jami'i da ke nesa ya yanke abin da duk makarantu ke buƙata, sai a tambayi malamin da ke tsaye a gaban yaran, a ba shi ɗan abin da zai isa, kuma da wuri.

Wani lokaci gwamnati ce ke bayarwa kai tsaye. A Indiya, ƙarƙashin shirin ilimi ga kowa mai suna Sarva Shiksha Abhiyan da aka fara a 2001, an riƙa ba kowane malami rufi 500 na kuɗin ƙasar a shekara don ya haɗa kayan koyarwa. Wani lokaci kuma jama'a ne ke yin karo-karo ta intanet. Fitaccen misali shi ne DonorsChoose, wadda wani malami mai suna Charles Best ya kafa a shekarar 2000 yana koyarwa a unguwar Bronx ta birnin New York. Tsarinta ya cancanci a tsaya a duba shi da kyau. Malami zai rubuta abin da yake so da dalilinsa. Ƙungiyar za ta tantance shi, ta tantance farashin kayan, sannan ta wallafa buƙatar. Mutane su riƙa sa abin da ya sauwaƙa, wani kaɗan wani da yawa, har kuɗin ya cika. Sai ƙungiyar ta sayi kayan da kanta ta aika makarantar. Malami ba ya riƙe ko sisi, saboda haka ba wanda zai zarge shi, kuma mai bayarwa zai ga hotuna da wasiƙar godiya da bayanin yadda aka kashe kuɗinsa. A 2018 kamfanin Ripple ya ba da dala miliyan 29, ya biya duk buƙatun da ke shafin a lokacin.

Sai dai kada mu ɗauka da zarar kaya sun iso an gama. Masu bincike sun bi diddigin irin waɗannan abubuwa, kuma abin da suka gano ya kamata duk mai niyyar taimako ya ji shi.

A yammacin Kenya, a tsakiyar shekarun 1990, an raba wa makarantu littattafan karatu, aka dawo aka auna. Yaran da suka amfana su ne waɗanda dama can suke kan gaba a aji. Sauran ba su motsa ba, domin littattafan da Turanci aka rubuta su, harshe na uku ga yawancin yaran, kuma sun fi ƙarfinsu. A Saliyo kuma wata matsalar ce ta daban: littattafan sun isa makarantu, amma shugabannin makarantu da yawa suka kulle su a sito. Ba mugunta ba ce. Ba su da tabbacin za a sake kawo wasu, sai suka ga gara a adana. Littafin da ke cikin kwali kuwa ba ya koya wa kowa karatu.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne na jihar Andhra Pradesh a Indiya. An ba makarantu tallafin kayan karatu na kusan dala 3 kan kowane yaro. A shekarar farko, da kuɗin ya zo ba zato, sakamakon yara ya ɗaga. A shekara ta biyu iyaye sun riga sun san yana tafe, sai suka rage abin da suke kashewa kan littafin rubutu da biro, ƙarin ci gaban ya tsaya. Ba laifinsu ba ne, talaka ya sami sauƙi ne ya ɗauka. Amma ya nuna cewa tallafin ya fi tasiri idan ya sayi abin da iyaye ba za su taɓa iya saya ba, kamar taswira, kayan gwajin kimiyya, ko tarin littattafan labari da duk aji zai riƙa karɓa-karɓa.

Sai batun ko kuɗin ma yana isa. A Uganda an gano cewa tsakanin 1991 da 1995, kashi 13 cikin 100 kacal na kuɗin da gwamnati ta ware wa makarantun firamare don kayan aiki ne ke kaiwa gare su. Maganin da aka samo mai sauƙi ne: aka fara buga adadin kuɗin da aka tura a jaridu, iyaye da malamai suka san haƙƙinsu. Zuwa 2001 kusan kashi 80 ne ke isa.

Akwai kuma abin da ke damuna da tsarin neman tallafi ta intanet. Malamin da ya iya tsara magana, yake da waya mai kyau da abokai masu hali, shi zai fi samu. Wanda ke makarantar da ta fi kowace talauci sau da yawa bai ma san ana yi ba. Kuma bai dace alherin jama'a ya zama hujjar da hukuma za ta fake da ita ta janye hannu ba. Alli da littafi haƙƙin yaro ne.

Malam, malama, idan za ku rubuta neman irin wannan tallafi, kada ku ce "muna buƙatar kayan aiki" ku yi shiru. Ku faɗi yara nawa ne, ajin nawa, wane darasi ne ya tsaya cak, me za a saya, guda nawa, nawa ne kuɗinsa. Ku zaɓi abin da ya yi daidai da matakin yaran, da harshen da suke ji, kuma wanda zai kai wa 'yan bayansu. Ku karanta sharuɗɗan tun farko, domin a wasu tsare-tsaren kayan na makaranta ne, ba za ku tafi da su ba idan aka yi muku canjin wurin aiki. Idan kayan sun zo, ku ajiye rasit, ku raba su a makon, ku aika wa masu bayarwa rahoton abin da aka yi da su. Hoton yara kuma, sai da izinin iyayensu.