Haɗa Tiyon Kilim Yadda Gaz Ba Zai Tsere Ba

Kilim (na'urar sanyaya ɗaki) sabo fil, an ɗaura shi a Fabrairu, zafin Afrilu na kamawa a Maradi sai ya daina sanyi. Galibi injin lafiyarsa lau, gaz ne ya tsere ta mahaɗar tiyo.

Mai doki ɗaya ko ɗaya da rabi yawanci tiyon jan ƙarfe biyu yake ɗauka: siriri inci 1/4, babba inci 3/8. Mai doki biyu kan so babban ya zama 1/2. Ku duba takardar injin kafin ku saya.

Ku yanka da abin yankan tiyo mai faifai, kuna ƙara matsi kaɗan-kaɗan. Zarto yana zuba garin ƙarfe a ciki, garin kuma kwamfureso, wato injin da ke tura gaz, zai nufa. In za ku kankare kaifin bakin, ku kifa shi ƙasa. Kafin ku zura tiyo ta ramin bango ku liƙe bakinsa da salatif, don ƙurar garin nan ba ta neman izini.

Ku sa noti tukuna, sannan ku buɗa baki. Wanda ya manta, sai ya sake yanka. Tiyo ya leƙo kamar milimita 1 a saman matsewar abin buɗa baki, a juya a hankali har bakin ya buɗe kamar na algaita, sumul, kaurinsa ɗaya ko'ina. Kun ga tsaga ko karkata? Ku yanke, ku sake. Matse noti ba ya gyara mummunan baki, ƙara tsaga shi yake yi.

Wajen lanƙwasa ku sa sifirin, wato murɗaɗɗiyar wayar da ke hana tiyo lotsawa. Tiyon da ya lotsa yana shaƙe gaz.

Ku fara ɗaura noti da hannu har ya zauna daidai, sannan sifana biyu, ɗaya ta riƙe, ɗaya ta juya. In kuna da sifana mai awon ƙarfi, 1/4 na son kusan nuton-mita 16, 3/8 kusan 38.

Yanzu wurin da masu gaggawa ke tsallakewa. Wasu sukan saki gaz kaɗan wai ya koro iska. Wannan ba ya fitar da danshi, kuma danshi in ya gamu da man injin da ke aiki da gaz R410A ko R32 tsami yake haifarwa, ya cinye kwamfureso sannu a hankali. Ku jona famfon zuƙe iska aƙalla minti 20, allurar ma'auni ta sauka -76 cmHg. Ku rufe, ku jira minti 10. In ta ɗago, akwai yoyo.

In ta tsaya cak, ku buɗe bawul ɗin siririn tiyo da makullin alan, sannan na babban. Ku shafa kumfar sabulu a mahaɗa huɗun. Kowane tiyo ya samu rigar sosonsa daban, a naɗe da tef saboda rana. Tsawo in ya wuce mita 5, yawancin injuna na buƙatar ƙarin gaz, a auna shi da sikeli bisa giram ɗin da takarda ta faɗa.