Abin da Ya Tayar da Farkawar Addini a Amurka ta Dā

Jama'a, barkanmu da yamma. Bari in fara da wani manomi, Nathan Cole. A watan Oktoba na 1740 yana cikin gonarsa labari ya iske shi cewa George Whitefield, wani mai wa'azin Kirista daga Ingila, zai yi wa'azi a Middletown, cikin Connecticut. Ya yar da kayan aiki, ya aza matarsa bisa doki, suka kama hanyar mil 12. In dokin ya gaji sai ya sauka ya bi shi da gudu. Me zai fitar da manomi daga gona haka?

Ni a ganina yunwa ce, amma ba ta ciki ba. Kakannin mutanen nan sun baro Ingila ne saboda addini, sai ga shi a hannun jikoki ya koma gado. Tun 1662 shugabannin coci suka sassauta, suka yarda a yi wa yara baftisma ko da iyayensu ba su taɓa ba da shaidar tuba ba. Fasto ya karanto wa'azi daga takarda, wurin zama a coci kuma gwargwadon dukiyarka da shekarunka. Talaka na can baya.

Ga kuma ƙarancin gona. Garuruwa sun cika, samari na zaman jiran gado, aure ya yi musu nisa. Shi ya sa a garin Northampton, cikin Massachusetts, a 1734, wutar farkawar ta fara kamawa cikin matasa, bayan wani saurayi ya rasu farat ɗaya. Faston garin, Jonathan Edwards, ya yi musu wa'azi a kan mutuwar, cikin wata shida mutum wajen 300 suka tuba.

Sai annoba. A 1735 mashaƙo, wannan dai da muka sani, ta ɓulla a New Hampshire. Gida ɗaya a binne yara uku, huɗu. Ku duba zuciyar uwar da ta ga haka, wa'azin takarda zai ishe ta?

Ana cikin wannan Whitefield ya zo, ɗan shekara 25. Ba takarda a hannunsa, a fili yake tsayawa, jaridu sun riga shi isa gari. Benjamin Franklin, sanannen masanin nan na Amurka, ya auna muryarsa a Philadelphia, ya ce za ta kai ga mutum 30,000.

Da Cole ya kusa Middletown ya hangi wani abu kamar hazo a gefen kogi. Ashe ƙurar dawakin masu zuwa sauraro ce.