Yau da hannuna zan canza fad ɗin birki a ƙofar gida

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiyar Asabar daga Columbus, jihar Ohio a Amurka. Kun ga har tururi ke fita daga bakina, amma aikin nan ba zai jira sanyi ya wuce ba. Kwana biyar ke nan, duk na taka birki sai in ji wani siririn kuka, ƙiii, daga tayar gaba. Da motar nan nake kai yara makaranta, hankalina ya kasa kwanciya. Corolla ce ƙirar 2012. Abba, matso da wayar kusa, ka riƙe ta da hannu biyu.

Shi wannan kukan da gangan aka yi shi. Akwai ɗan ƙarfe a gefen fad ɗin, in fad ya cinye sai ya fara gogar faifan birki don ya sanar da kai. A nan kuɗin hannun makanike ya fi kuɗin kayan, shi ya sa na zauna na koya.

Bismillah. Na ajiye ta a wuri shimfiɗaɗɗe, na ja hambirki, na sa waigi a bayan tayoyin baya. Notunan taya lamba 21 ne, a sassauta su tun taya tana ƙasa, sannan a ɗaga.

To, ku dubi wannan ƙarfen mai ƙafafu da nake turawa ƙarƙashi. Don Allah, 'yan uwa, kowa ya ji ni. Jak aikinsa ɗagawa, riƙewa kuwa aikin wannan ne. Ina yaro a Kano na sha ganin makanike kwance a ƙarƙashin mota an tokare ta da bulo, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Motar nan ta haura tan ɗaya. In jak ya zame, ba wanda zai iya ɗaga ta da hannu kafin ta yi ɓarna. Tayar da na cire ma, kun gani, na shimfiɗa ta a ƙarƙashi.

Ga kalifa, ita ce ke matse fad a jikin faifai. Kusoshi biyu ne a bayanta, lamba 14. Na zare ta, na rataye ta da waya a jikin sifirin. Kada a bar ta tana reto a kan tiyon man birki, tiyon zai iya tsagewa ta ciki ba ka sani ba.

Kai! Abba, kawo nan, nuna musu wannan. Fad na waje da sauran nama, wajen milimita 5. Na ciki kuwa ko 2 bai kai ba, alhali daga 3 ake so a canza. Da ta ramin taya kawai na leƙa, da na ce lafiya lau. Bari mu ga dalili. Kalifa tana zamiya ne a kan fil guda biyu. Na sama yana shiga yana fita. Na ƙasa kuwa, kun gani, ya ƙage, sai da na murɗa shi da filaya. Tsatsa ce. Gishirin da ake watsawa a titi lokacin dusar ƙanƙara shi ke cin ƙarfen motocinmu a nan. In fil ya ƙage, ɓangare ɗaya ne ke ɗaukar wahalar, kuma ko na sa sabon fad haka zai sake cinye shi. Na goge shi tas, na shafa masa giris na silikon. Giris na yau da kullum yana kumbura robar da ke rufe fil ɗin, kada a yi amfani da shi.

Saura fistin. Na ɗora tsohon fad a kansa, na matsa da wannan matsin a hankali har ya koma ciki. Abba, leƙa bonet ka duba robar man birki, yana hawa? Kada ya zube, yana cin fenti. DOT 3 motar nan take sha.

Sabon fad ya zauna. Ko ɗigon giris kada ya taɓa fuskarsa ko faifan. Na mai da kalifa, na mai da taya, na sauke mota, notuna biyar ana ɗaure su a gicciye, ƙarfin ɗauri 76 a ma'aunin Amurka, wato 103 a na Turai. Ɗaya ɓangaren ma haka na yi, domin birki ba a canza masa gefe ɗaya.

Shigo, Abba, ka haska ƙafata. Kun ga na taka ya tafi har ƙasa? Fistin bai taɓa fad ba tukuna. Wanda ya tayar da mota a haka ya fita, ba shi da birki. Ɗaya, biyu, uku, huɗu... yawwa, ya yi tauri. Yanzu za mu zaga unguwa a hankali, in riƙa tsayawa sannu-sannu sau da dama don fad ya saba da faifai. Ɗaura bel ɗinka, ka sauke gilashi mu saurara.