Darasi: Yadda Ake Kafe Keke a Gidan Haya Ba Tare da an Huda Bango Ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga nan Jidda nake muku magana. Ɗan ƙanena ne ke riƙe da wayar, shi zai riƙa matso da ita duk inda ya kamata ku gani da kyau. Ɗana, ɗan ja baya su ga mashigar gidan gaba ɗaya. Yauwa, tsaya nan.

To kun ga inda muke. Gidan haya ne a hawa na biyu, irin wanda da yawanmu suka zauna ciki a da a unguwannin Hindawiyya ko Sabil ko Karantina, har da 'yan'uwanmu na Shara Mansur a Makka. Kekuna uku ne a gidan nan: nawa, na wannan yaron, da ƙarami na ƙanwarsa. A da jingina su muke yi da bango. Dubi fentin nan, duk kan keke ne ya goge shi. Wata rana da asuba kuma ɗaya ya zame ya danne sauran, ƙarfen giyar nawa ya lanƙwashe, sai da na kai wa mai gyara. Na so in kafa ƙugiya a bango, mai gida ya ce kada a huda masa gini, kuma haƙƙinsa ne. Matakala ma ba wurin ajiya ba ce. In harisu, wato mai gadin gidan, ya yi maka magana a kanta, gaskiya ya faɗa, domin ita ce hanyar fitar kowa in wuta ta tashi, Allah ya kiyaye.

Abin da ya raba mu da wannan wahala shi ne wannan ƙarfen da ke ƙasa, mazaunin keke. In ka je shago ka ce hamil darraja, ko ka ce istan na sikal, za su gane. Ba ya buƙatar ƙusa ko ɗaya a bango, ranar da za ka tashi daga gidan kuma ka ɗauki abinka.

Amma kada ka je saye tukuna. Fara ɗauko tef ɗin awo, domin a nan yawancin mutane ke yin asara.

Ɗana, matso kan tayar nan. Kun ga rubutun da ke jikin robar? 29 x 2.25. Lambar farko girman tayar ne da inci, ta biyu kuma kaurinta. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, ke nan kaurin wannan tayar ya kusa santimita 6. Yanzu koma kan nasa. 700 x 28. Wannan keken tsere ne, 28 ɗin milimita ce, ko santimita 3 bai kai ba. Kun ga tazarar? Ramin da zai riƙe tawa, tasa rawa za ta riƙa yi a ciki. Wanda kuma zai kama tasa da kyau, tawa ba za ta shiga ba ko da ƙarfi. Masu ƙatuwar tayar yashi kuwa, tasu tana kai inci 4, wajen santimita 10, su sai an nemi nasu daban. Na yara kuma girman tayarsu akwai inci 12, 16, 20, 24. Ka rubuta lambobin kowane keke a takarda, ko ka ɗauki hotonsu a waya, ka tafi da su.

Sai ka auna wurin. Keken babba tsawonsa yana kai santimita 170 zuwa 180, wani ma ya ɗan wuce. Kan keke irin nawa mai miƙaƙƙen ƙarfe faɗinsa ya haura santimita 70, na tsere kuwa bai fi 40 da 'yan kai ba. Ka buɗe ƙofa har ƙarshe ka ga inda take kaiwa. Ka bar hanyar da mai ɗauke da tukunyar gas ko tulun ruwa zai wuce ba tare da ya karkace ba. In tsoho yana gidan, ko mai keken guragu, to hanyar nan ita ce gaba da komai.

Mazaunan iri-iri ne, amma uku zan ambata. Akwai mai rami, wanda ake tura taya tsakanin ƙarafa biyu, shi ya fi araha kuma ya fi yawa, har a kasuwar gwanjo ta Harajin Sawarik ana samun na hannu. Akwai mai hannu da sifirin, ka tura taya ta faɗa gurbinta, hannun ya taso ya danne robar daga sama. Wannan shi ne a gabanmu, kuma shi na fi so, dalili kuwa ɗaya ne: roba kaɗai yake taɓawa. Sai na tsaye, wanda ake ɗaga keke ya tsaya a kan tayar baya, gaba na kallon sama. Zan dawo kansa.

Maganar roba kaɗai ɗin nan ku riƙe ta, ita ce ginshiƙin darasin yau. Taya an yi ta ne don ta sha gurza, ba abin da ƙarfe zai yi mata. Amma abubuwa uku a jikin wili ba sa son a matse su. Na farko wayoyin wili. In keke ya karkata nauyinsa ya sauka a kansu kullum, wili zai fara murguɗa, ka ji birki na gogawa. Na biyu faifan birki, ga shi nan a hagu, siririn ƙarfe ne mai faɗin milimita 160 ko 180, kaurinsa kuwa wajen milimita 2 ne kacal. Ƙaramin bugu ya ishe shi ya karkace, daga nan sai ka riƙa jin shif-shif duk juyin taya. Na uku ƙarfen giya da ke reto a dama ta baya. Tsofaffin mazaunai masu dogon rami an ƙera su ne tun kafin birkin faifai ya yaɗu, shi ya sa ƙarfensu kan kai har wurin faifan. In ka ga haka a shago, ka bar shi komai arharsa.

"Baffa, to tayar gaba ake sawa ko ta baya?"

Madalla da tambaya, ɗana. In mai rami ne, ta baya ta fi, domin ba ta juyawa hagu da dama, kuma nauyi ya fi sauka a kanta. Ta gaba in ka sa ta, kan keke na iya juyawa jikin ya kwanta, alhali tayar na maƙale, wili ne zai sha murɗa. Sai dai ta baya ita ke da giya, don haka kafin ka sauka ka mayar da sarƙa kan ƙaramin haƙori, ƙarfen giyar zai matsa waje ya yi nesa da wayoyin. Ka tura a hankali, ka sunkuya ka duba da idonka ko akwai inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Karo na farko kawai za ka yi wannan duban, bayan haka hannunka ya saba.

Bari mu haɗa wannan sabon ku gani, na ƙanwarsa ne. Ga ƙafafu biyu, ga gurbin taya, ga hannun, ga notuna da alanki a leda. Ka sa dukan notunan da hannu tukuna, kada ka ɗaure ko ɗaya. In ka ɗaure na farko tam, ramin na ƙarshe ba zai daidaita ba. Ajiye shi a ƙasa, danna shi ya zauna daidai, sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya da alanki. Ya isa haka, ba sai ka sa ƙarfinka duka ba, bututun siriri ne zai iya lotsewa. Bayan mako guda ka sake bin su, sukan saki.

Yanzu juya shi ka ga ƙasansa. Waɗannan robobin huɗu kada ka raina su. Gidajenmu tayil ne, tayil kuma santsi gare shi. In babu roba, kana tura keke mazaunin na gudu gaba. Wanda nasa bai zo da su ba, ya yanki tsohon tub ya naɗa a ƙafafun, yana aiki sosai. Ni har tsohuwar tabarmar roba na shimfiɗa a ƙarƙashi, saboda man sarƙa da ƙurar titi kada su ɓata wa mai ɗakina tayil.

Ga gwajin. Na tura, kun ji ya faɗa. Yanzu zan ture sirdi da yatsu biyu ta hagu, ta dama. Ya ɗan yi lilo ya dawo. Haka ake so. In ya tafi bai dawo ba, ko ramin ya yi wa tayar yawa, ko ƙafafun mazaunin sun yi gajarta. Kada ka ce za ka lallaɓa, yaro mai gudu ba zai lallaɓa ba.

In kekunan sun fi ɗaya, ka saɓa su, wannan gabansa na kallon bango, na kusa da shi bayansa ne a bango. Ta haka kawunansu ba sa karo, wuri ya ragu sosai. Wanda ake hawa kullum ya kasance ta bakin hanya. Na yara kuma a inda yaro zai ciro ya mayar da kansa, in ba haka ba a ƙasa za ka riƙa tarar da shi.

Na tsayen da na ce zan dawo kansa, yana da amfani a wuri matsattse, domin kusan rabin fili yake ci. Amma ka duba nauyin kekenka. Na tsere kilo 8 zuwa 10 ne, nawa wajen 14, mai batir kuwa ya wuce 20, ba kowa zai iya ɗaga shi kullum ba. In birkinka na mai ne, bayan ka sauke shi ka matsa birkin sau uku ko huɗu kafin ka hau. In ka ji ya yi laushi, iska ce a cikin bututun, a kai a cire ta. Gidan da ke da mai rarrafe ko mai koyon tafiya kuwa, ni dai ba na ba da shawararsa, sai in za a ɗaure keken da igiya a jikin ƙarfen taga.

Wanda ba shi da halin saye, katako ma ya wadatar. Ka samo falanki biyu masu tsawon santimita 60, tsayinsu kada ya wuce 15. Ka tsayar da su a kan gefe, ka bar tazarar kaurin tayarka da ƙarin rabin santimita. Sai guntaye biyu masu tsawon santimita 50 da za su gitta ta ƙasa. Kada ka yi hasashen inda za su zauna. Ɗora tayar a tsakiya, matso da ɗaya ta gaba har ya taɓa roba, ɗaya ta baya haka, ka yi alama da fensir, sannan ka ɗaure. Kafinta zai yanka maka a ɗan lokaci, ragowar katakonsa ma ya isa.

Saura maganar inda za a ajiye mazaunin, kuma a garin nan wannan ba ƙaramar magana ba ce. Na san saman bene yana da fili, baranda ma haka, amma ranar Jidda tana cin roba. Taya za ta tsattsage ta gefe, sirdi ya dare, robar hannu ta yi danƙo. Da dare kuma laimar Bahar Maliya ta sauko da gishirinta, sarƙa da notuna da wayar birki su kama tsatsa, har shi kansa mazaunin in fentinsa ya ɓare. Cikin gida a inuwa ya fi. In dole sai baranda, ka rufe da yadi mai shan iska, kada ka naɗe da leda, domin leda tana tara gumi a ciki. Ka nisanta shi da bayan na'urar sanyaya ɗaki, inda iska mai zafi ke fita ruwa kuma na ɗiga. Mai keken batir ya cire batirin ya shigo da shi, kada ya bar shi a rana, kada kuma ya sa caji a bakin ƙofar fita ya kwanta barci.

In kun dawo daga Kornish, wato titin bakin teku, kafin keke ya hau mazauninsa a sa tsumma mai ɗan danshi a goge jikinsa, a bi da busasshe. Sarƙa a ɗiga mata mai kaɗan a goge ragowar, yawan mai ƙura yake kamawa. A kula kada ko ɗigo ya taɓa faifan birki. In za a yi tafiya, kamar masu zuwa aikin Hajji ko masu zuwa gida hutu, a bar iska a tayoyin, a kuma roƙi wani ya riƙa ƙara musu duk bayan mako biyu ko uku. Tayar da ta sace ta daɗe a zaune gefenta na karyewa, kuma mazaunin ba zai riƙe ta da kyau ba, sai keken ya kwanta.

Abu ɗaya kuma, mazauni ba makulli ba ne. In a farfajiyar ƙasa ka ajiye, ɓarawo zai ɗauki keken har da mazaunin. Ka zura sarƙa ta cikin jikin keken, ba ta taya kaɗai ba, ka haɗa da ƙarfen da ke kafe a gini.

Ɗana, kira ƙanwarka ta zo ta gwada nata da kanta, mu ga ko hannun bai yi mata tauri ba. Zo 'yata, kama kan da hannu biyu. Tura. Ƙara kaɗan. Yauwa, ya shiga. Yanzu jawo shi baya. To, sifirin ɗin ya ɗan fi ƙarfinta, zan sassauta notin nan na gefe rabin juyi. Sake gwadawa. Alhamdu lillahi, ya yi daidai. Jama'a, a nan za mu tsaya, an kusa kiran Magariba. Wassalamu alaikum.