Bututun wayar giya da hularsa: yadda ake zaɓar awon da ya dace

Jama'a barkanmu da warhaka. Ga guntayen bututu biyu a kan tebur. Daga nesa duk baƙaƙe ne, duk roba ce a waje, kowanne da rami a tsakiya inda waya ke bi. Ɗaya na birki ne, ɗaya na giya. Bari mu matso da kyamara kusa da bakin kowanne.

Na hagun nan shi ne na birki, kaurinsa milimita 5. Ƙarƙashin robar akwai ƙarfe guda ɗaya da aka naɗe zagaye-zagaye irin na sifirin. Na dama shi ne na giya, yawanci milimita 4. Ku lura da ƙananan ɗigo-ɗigon nan da suka yi da'ira a bakinsa. Kowane ɗigo ƙarshen siririyar waya ce, wadda ta miƙe tun daga wannan baki har wancan, da ɗan murɗi kaɗan. Wayar cikin ma ba ɗaya ba ce: ta birki milimita 1.5 ce ko 1.6, ta giya kuma 1.1 ko 1.2.

Dalilin wannan bambanci yana cikin yadda giyar zamani ke aiki. A da, mahayi kan ja liba a hankali har sai kunnensa ya gaya masa sarƙa ta zauna. A 1984 kamfanin Shimano ya fito da tsarin da ya kira SIS a kan kayan giyarsa masu suna Dura-Ace, inda kowace dannawar liba ke jan waya wani ƙayyadadden tsayi. A keken tseren titi mai kayan Shimano da giya 8, 9 ko 10 a baya, wannan tsayin bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Tazarar farantan giyar Shimano kuwa, wato masu haƙora da sarƙa ke hawa a tayar baya, ƙara matsewa take yi: milimita 4.8 ce a mai faranti 8, ta sauko ƙasa da 4 a mai faranti 10. To idan duk aikin a cikin milimita 2 da ɗoriya ake yinsa, rabin milimita da ya ɓace a hanya ba ƙaramar asara ba ce. Sai sarƙa ta tsaya tsakanin faranti biyu tana ƙaraf-ƙaraf, ko ta hau da kyau amma ta ƙi saukowa.

Naɗaɗɗen bututu na birki yana matsewa idan aka ja waya, tsawonsa kuma yana canzawa idan ya lanƙwasa. Birki bai damu da wannan ba, hannu ne ke ƙara matsa. Giya ba ta da wannan rangwame, shi ya sa aka yi mata mai miƙaƙƙun wayoyi, wanda tsawonsa ba ya motsi.

Ku riƙe wannan da kyau: kada a taɓa sa bututun giya a birki. Robar waje ce kaɗai ke riƙe wayoyin nan wuri ɗaya. Ƙarfin da ake matsa birki da shi zai iya tsaga ta, wayoyin su baje, birki ya tafi a daidai lokacin da ake neman sa. Sa na birki a giya lalata saiti kawai zai yi. Sa na giya a birki kuwa wasa da rai ne.

Yanzu mu zo kan hula, wannan ɗan ƙaramin murfi da ke shiga bakin bututu. Shi mutane suka fi rainawa, kuma a ganina shi ne ya fi yawan ɓata aiki.

A bututun giya hula dole ce, a kowane baki. Ku ga abin da ke faruwa idan babu ita. Duk lokacin da aka ja waya, ana tura bututun ne zuwa cikin gurbinsa na jikin keke. Wayoyin nan masu tsini ba su da abin da za su tokara, sai robar ta riƙa ja da baya, su kuma suna leƙowa ɗaya bayan ɗaya ta ramin gurbin. Ga wani tsohon da muka ciro: bakinsa ya baje kamar tsohuwar tsintsiya, kuma a cikin wannan bajewar ne milimitocin giya suka salwanta. Hula ce ke ba wayoyin daɓen da za su tsaya a kai baki ɗaya.

Hula tana da awo biyu da za a duba, na ciki da na waje, kuma galibi na cikin kaɗai ake rubutawa a jikin leda. In aka ce hula ta milimita 4, ana nufin bututun da zai shiga cikinta. Ku gwada da hannu. Hular da ta dace tana shiga da ɗan turawa, in kuka juya bututun ƙasa ba za ta faɗo ba. Ga ta milimita 5 a kan bututu mai 4: ta shiga salin-alin, amma ku ga yadda take rawa. Bututun zai kwanta a karkace a cikinta, waya ta riƙa gogar gefen rami, a hankali wayoyin su sami hanyar kutsawa. Ta 4 a kan bututu mai 5 kuwa ba ta shiga ma, in an matsa mata ta tsage.

Awon waje shi ne na gurbin da ke jikin keke, ko na liba, ko na na'urar da ke tura sarƙa a baya. Ya kamata hula ta nutse har ƙasan gurbin, ta zauna daram. Wani lokaci za ku ga ta shiga rabi ta cije. Ido zai ce ta zauna, amma bayan 'yan kwanaki sai ta ƙarasa nutsewa, waya ta yi sako-sako, saiti ya rushe. Tsofaffin kekuna da dama suna da ƙananan gurabe, don haka ake yin hula mai siririn hanci: gindinta ya karɓi bututu, hancin ya shiga gurbin. Kada a gurza gurbin keke don hula ta shiga, hular ake canzawa.

Ba duk bututun giya ne mai 4 ba. Akwai mai 5, musamman a tsofaffin kekuna, akwai kuma mai 4.5. Kowanne da hularsa, saboda haka ku auna na jikin kekenku kafin ku nemo sabo. Idan giyar kekenku ta kamfanin Campagnolo ce, ku duba kan wayar ma: ƙullin ƙarfen da ke ƙarshenta ya ɗan fi na Shimano da SRAM ƙanƙanta, wanda ya fi girma kuma yana iya maƙalewa a cikin liba ya ƙi fita.

Roba ko ƙarfe? Ta roba ta wadatar a yawancin wuraren giya, ba ta kuma cin fenti. A baya, inda bututu ke lanƙwasa sosai kafin ya shiga na'urar tura sarƙa, na fi son ta alminiyam, musamman mai zoben roba a ciki da ke tare ruwa da ƙura, don nan ne taya ke watso komai. A birki kam sai ta ƙarfe.

Sai tsayi. Kafin ku yanke, ku ɗora bututun daga liba zuwa gurbin farko, ku juya kan keke har ƙarshe hagu da dama. In ya yi tauri ko ya fizgo daga gurbi, ya gaza, kuma irinsa ne ke sa giya ta canza da kanta a kwana. In ya yi tsayi da yawa, kowane ƙarin lanƙwasa ƙarin guga ne. Abin da ake nema shi ne mafi gajarta da zai bar kai ya juya ba takura, bututun kuma ya shiga kowane gurbi a miƙe. Ku fara da ɗan rara, don ragewa na yiwuwa.

Yanka da almakashin waya na musamman ake yi, mai baki da ke rungumar bututu ta kowane gefe. Filaya taushe shi take yi. Ku yanke da sauri a bugu ɗaya, ku dubi bakin: in ya zama ƙwai-ƙwai ku ɗan matsa shi ya koma da'ira, ku sa basilla ku buɗe siririyar robar ciki. Bakin ya zama a daidaice, babu wayar da ta fi 'yar'uwarta tsayi, don wadda ta fi tsayi ita za ta fara huda hula.

Bayan an zura waya an ɗaure notinta, ku kama ta a inda take a fili ku ja da ƙarfi sau da yawa, ko ku danna liba ba tare da juya feda ba. Za ku ji ta saki. Mutane kan ce sabuwar waya ce ta miƙe, amma mafi yawan abin huluna ne ke ƙarasa zama a gurabensu, bututu kuma yana ƙarasa shiga hula. Ku kwance notin, ku ja rarar, ku sake ɗaurewa, sannan ku gyara sauran da maɗaurin saiti, wato ɗan notin da ake murɗawa da hannu a inda bututu ke shiga, rubu'in juyi a lokaci ɗaya, kuna bin giya ɗaya bayan ɗaya. Ku bar wa wayar jela kamar santimita 3, ku yanke, ku matsa mata ɗan murfin alminiyam a baki don kada zarenta ya warware.