Daga lambar hannu zuwa jawabin abokin ango: lacca kan rubuce-rubucen waɗanda suka tsira daga sansanonin Nazi

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamaina da ke zaune a gaba, iyayenmu, ɗalibai 'yan uwana, barkanmu da yamma. Na baya kuna jina ko? Toh madalla.

Na san da aka liƙa sanarwar laccar nan wasu sun ce me ya haɗa kifi da kaska, ana maganar sansanin da aka kashe mutane da iskar guba sai kuma a kawo barkwancin biki. Ku yi haƙuri ku biyo ni. Abin da nake so mu duba shi ne wai me ake fara ƙwacewa mutum kafin a kashe shi, kuma idan Allah ya sa ya tsira, ta wace hanya abin nan yake dawo masa.

Mu fara da adadi dan mu san girman abin. Auschwitz, sansanin da gwamnatin Nazi ta Hitler ta kafa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yana ƙasar Poland wadda Jamus ta mamaye a 1939. Mutum kusan miliyan 1.3 aka kai can, kusan miliyan 1.1 ba su fito ba, mafi yawansu Yahudawa, sai 'yan Poland da ƙabilar Roma da fursunonin yaƙi na Tarayyar Sobiyat. Sojojin Sobiyat ne suka 'yantar da wurin ranar 27 ga Janairu 1945. Amma adadi in ya kai miliyan zuciya ba ta iya ɗaukarsa, shi yasa muke komawa ga waɗanda suka shiga suka fito suka rubuta, su ne suke maido mana da mutum ɗaya ɗaya.

Wanda zan fi daɗewa a kansa shi ne Primo Levi, ɗan birnin Turin a Italiya, masanin kimiyyar sinadarai. An kama shi a Disamba 1943 yana da shekara 24, a Fabrairu 1944 aka loda su su 650 a taragon jirgin ƙasa irin na kaya. Da suka isa, maza 96 da mata 29 kawai aka ware dan aiki, sauran sama da 500, tsofaffi da yara da iyayensu mata, kafin kwana biyu babu ko ɗaya da rai. Su kuma da aka bari, ku saurari yanda abin yake bi daki-daki: a tuɓe ka tsirara, a ƙwace takalminka a zuba cikin tulin takalman wasu, a aske duk gashin jikinka, a ba ka tsumma mai ratsi-ratsi da takalmin katako wanda ba lallai ƙafa biyun su zo ɗaya ba, sannan a kama hannunka na hagu a zana maka lamba da allura. Ta Levi ita ce 174517. Daga ranar in ana rabon miya ko burodi lambar za ka nuna, kuma dole ka haddace ta da Jamusanci, in aka kira ba ka gane ba ka sha duka. A littafinsa na farko da ya fito 1947 ya ba da labarin wani saurayi da aka haɗa su aiki, ba wanda ya san sunansa, da lambobi uku na ƙarshen lambarsa ake kiransa, 018, kuma har shi kansa kamar ya manta yana da suna, ba ya gudun aiki mai nauyi, ba ya kare kansa daga duka, duk abin da aka ce yi zai yi har ya faɗi. Wallahi wannan yaron ya fi tulin gawarwaki tayar min da hankali, sabida yana tafiya da ƙafarsa amma an riga an gama da shi.

Kuma kar ku ɗauka wannan mugunta ce kawai ta wasu 'yan tsirarun azzalumai. Tsari ne. Mai gadi ba zai iya tura dubban mutane ɗakin gas kullum ba in yana ganinsu mutane irinsa, sai an mayar da su abin ƙyama tukun, masu wari, masu kwarkwata, masu faɗa kan ɓawon burodi, sai ya kalle su ya ce ai dama ba mutane ba ne. Yunwar da ƙazantar duk da gangan aka yi su. Alƙur'ani ya ce Allah ya karrama ɗan Adam, toh wannan masana'anta ce da aka gina dan cire karamar nan. Na san akwai mai cewa a ransa Falasɗinawa fa malam? Eh, ina jin ciwonsu kamar yanda kake ji, kuma wanda ya karanta littattafan nan da zuciya ɗaya shi ne zai fi saurin gane alamun a duk inda aka fara kiran wasu mutane dabbobi, ko su waye.

Toh ya aka yi wasu suka tsira? Nan sai mu yi hattara, dan masu laccar ƙarfafa gwiwa sun ɓata wannan wajen, su ce wai mai ƙarfin zuciya ne ya rayu. Levi bai yarda da wannan ba sam. Ya lissafa abin da ya cece shi: an kai shi a 1944 lokacin da Jamus ke ƙarancin ma'aikata, yana ɗan jin Jamusanci, iliminsa ya sa aka sa shi ɗakin gwaje-gwaje na masana'antar roba a lokacin sanyi, sannan a Janairu 1945 zazzaɓi mai ƙuraje ya kwantar da shi, aka bar shi a ɗakin marasa lafiya aka kora masu lafiya a ƙafa cikin ƙanƙara, da yawansu suka mutu a hanya, har da babban amininsa Alberto. Kun ga ciwo ne ya zama sanadin rayuwarsa. Sai kuma wani birkila ɗan Italiya mai suna Lorenzo Perrone, shi ba fursuna ba ne ma'aikacin farar hula ne, wata shida kullum yana kawo masa miya da guntun burodi a ɓoye, bai taɓa neman komi ba. Levi ya ce abin da ya fi miyar shi ne mutumin ya tuna masa cewa har yanzu akwai mutanen kirki a duniya, kuma shi ma mutum ne. Da ya haihu, 'ya'yansa biyu duk sunan Lorenzo ya sa musu, Lisa Lorenza da Renzo.

Akwai kuma wani tsohon saje mai suna Steinlauf da Levi ya tarar yana wanka da ruwan sanyi mai datti ba sabulu. Levi ya ce masa wannan wahalar ta mece ce tunda nan da rabin awa za mu koma cikin gawayi? Saje ya yi masa faɗa sosai, ya nuna masa cewa tunda an gina wurin ne dan a mayar da su dabbobi, toh su kar su taya, abu ɗaya da ya rage musu shi ne su ƙi amincewa. Wankan ba ya fitar da datti ko kaɗan, amma mutumin bai fasa ba.

Yanzu mu zo kan dariya. A sansanin dariya iri biyu ce kuma dole mu raba su. Akwai ta masu gadi: rubutun da ke kan ƙofa mai cewa aiki yana 'yantar da mutum, bandir na fursunoni da ake sa su kiɗa safe da yamma ana wucewa da waɗanda suka mutu a wajen aiki, tsallen kwaɗo da ake sa tsofaffi har su faɗi ana ƙyalƙyala dariya. Wannan dariyar tana cikin kayan aikin kisan. Sai kuma wadda fursunoni ke yi a tsakaninsu. Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa daga Vienna wanda littafinsa ya fito 1946, ya ce shi da wani abokinsa likitan tiyata sun yi alkawari kullum kowa zai ƙirƙiro labarin ban dariya guda ɗaya kan abin da zai faru bayan an sake su. Ɗaya daga cikin irin barkwancin da ake yi shi ne wai wata rana za a gayyace su cin abinci gidan manya, matar gida tana zuba miya, sai su manta su ce dan Allah ki ɗebo daga ƙasan tukunya. Wanda bai san wurin ba ba zai yi dariya ba, dan a sansanin saman tukunya ruwa ne zalla, dankali da wake suna can ƙasa, mutane har lissafin inda za su tsaya a layi suke yi. Ku duba abin da ke cikin barkwancin nan: mai yinsa ya ɗauka akwai gobe, akwai gida da teburi, akwai wanda zai gayyace shi da sunansa. A Ravensbrück, sansanin mata, Bafaranshiya Germaine Tillion ta ɓuya a cikin akwatin kaya a 1944 ta rubuta wasan waƙa na ban dariya tana zolayar halin da suke ciki, 'yan uwanta suna tare mata. Dariyar ba ta hana kowa mutuwa ba, kar mu yi mata ƙarin gishiri, amma mai yinta ya ɗan fita daga cikin wahalar ya kalle ta daga waje, abin da 018 ya riga ya kasa.

Toh a nan biki ya shigo. Yahudawan Gabashin Turai, waɗanda su aka fi kashewa, suna da wani mutum a al'adar aurensu da suke kira badhan, mai barkwancin biki. Kafin ɗaurin aure zai tsaya gaban amarya yana rera baituka, ya tuna mata ƙuruciya ta ƙare, in marainiya ce ya kira sunan iyayenta da suka rasu har mata su ɓarke da kuka, sannan a wajen walima ya juya ya dinga zolayar ango da surukai da baƙi, yana shelar gudummawar kowa da sunansa. Mu wannan ba baƙon abu ba ne, mun san amarya da kuka ranar kai ta, mun san taubasai da abokan ango. Ku tuna abokin ango in ya karɓi makirfo a wajen dina, ya ce jama'a wannan angon da kuke gani ya sha babbar riga, tun muna aji uku ko ruwan zafi bai iya dafawa ba, amarya Allah ya ba ki haƙuri, kowa ya kwashe da dariya har mahaifiyar ango. Me yasa ango ba ya jin haushi? Sabida ba mai iya yi maka wannan zolayar sai wanda ya san ka tun kana yaro, ya san gidanku, ya san halinka, kuma yana tsaye gaban jama'a yana shaida cewa kai nasu ne. Duk abin da aka ƙwace a ƙofar sansanin, suna, dangi, tarihi, halin da ya bambanta ka da na kusa da kai, su ne kayan haɗin wannan jawabin. Ba a iya zolayar lamba. Shi yasa ni ban ɗauki barkwancin biki ƙaramin abu ba, kuma shi yasa nake jin zafi in na ga MC ya mayar da shi cin mutunci, yana tona asirin amarya ko yana yi wa wani dariyar talaucinsa, wannan ya bar layin abokin ango ya kama hanyar waccan dariyar ta farko.

An taɓa ɗaura aure a cikin Auschwitz, sau ɗaya tak. Rudolf Friemel, ɗan Austriya, bakanike, fursunan siyasa wanda ya yi yaƙin basasar Sifaniya, ya samu izini ya auri Margarita Ferrer uwar ɗansa ranar 18 ga Maris 1944, a ofishin rajista da aikinsa na kullum shi ne rubuta takardun mutuwa. Aka bar shi ya tara gashi ya sa kwat, aka ɗauki hoto, fursunoni suka zana musu katin murna. Washegari ta tafi. Ranar 30 ga Disamba na shekarar aka rataye shi kan taimakon masu shirin gudu, saura ƙasa da wata ɗaya a 'yantar da sansanin.

Bayan yaƙi kuma abin da ya faru ya ba masu aikin agaji mamaki. Sojojin Ingila sun shiga Bergen-Belsen ranar 15 ga Afrilu 1945 suka tarar da mutum kusan dubu 60 a galabaice da gawa kusan dubu 13 ba a binne ba. Kusa da wurin aka kafa sansanin 'yan gudun hijira wanda ya kai har 1950, kuma cikin watanni sai aure ya ɓarke, wani lokacin a rana ɗaya a ɗaura da yawa, jarirai kusan dubu 2 aka haifa a wurin. Wata budurwa mai suna Lilly ta ce ita da farar riga take so a yi aurenta, angonta Ludwig Friedman ya ba wani tsohon sojan saman Jamus kofi da sigari ya karɓi laimar da ake dirowa da ita daga jirgi, tela ta ɗinka riga da ita, aka ɗaura aure a garin Celle ranar 27 ga Janairu 1946. Bayan ita amare aƙalla 17 suka sa rigar, ana ragewa ana ƙarawa, yanzu tana gidan tarihin Holokos (wato kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa) da ke Washington. Ba duk auren nan ne na soyayya ba, da yawa kaɗaici ne ya haɗa su, mutum ya waiga ba uwa ba uba ba ƙani. Kuma ku yi tunanin wajen walimar: masu ba da labarin ƙuruciyar ango duk an kashe su, wanda ya rage ya san shi shi ne wanda suka kwana kan katako ɗaya a sansani, shi ne uba shi ne aboki, labarin da yake da shi na ango kuma na layin miya ne da satar dankali, da shi za a yi dariyar da shi za a yi kukan.

Shugaban zama yana nuna min agogo, magariba ta kusa. Akwai lokacin tambaya uku ko huɗu, mu fara da ɓangaren mata, 'yar uwa mai ɗaga hannu a layi na biyu, bismillah a miƙa mata makirfo.