Bloom, blossom, flourish, thrive: wacce za ka ɗauka?

Assalamu alaikum, masu kallo. Kalmomin da kuke gani a allo su ne bloom, blossom, flourish, thrive da prosper. Mai koyon Turanci yakan raba su gida biyu, ya ce biyun farko fure ne, sauran kuma bunƙasa, shi ke nan ya wuce. Jarrabawa za ta iya barinsa ya tsira da haka, amma ranar da ya zauna rubuta wasiƙa ko rahoto, sai ya ga jimlarsa ta zauna a karkace bai san dalili ba.

Me ya sa ma suka yi yawa haka? Saboda ba ta hanya ɗaya suka shigo harshen ba. Blossom ce 'yar gida, tana nan tun tsohon Turanci. Bloom da thrive sun zo ne daga bakin mutanen arewacin Turai, wato Vikings ɗin nan masu jiragen ruwa da suka kama birnin York a shekarar 866 suka zauna a gabashi da arewacin Ingila. Flower da flourish da prosper kuwa ta Faransanci suka biyo, bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, asalinsu kuma Latin. Da baƙi da 'yan gida suka haɗu, babu wadda aka kora. Kowacce sai ta kama nata aikin.

Mu fara da biyun da aka fi rikitawa. Blossom furen itace ne mai ba da 'ya'ya. Lokacin hunturu idan mangwaro ya yi huda, ka ga bishiya ta rufe ruf, ƙudan zuma na ta shawagi, wannan shi ne blossom. Shi ya sa ake cewa cherry blossom ga furen nan na Japan da ake kira sakura, wanda birnin Tokyo ya aika wa Washington itatuwansa kimanin 3,000 kyauta a 1912. Bloom kuwa ta fi zama ga furen da ake shukawa don kyansa, irin wardi. Idan aka ce lambu yana in full bloom, ana nufin ya kai ƙarshen kyau, daga nan sai yaushi.

To, a nan ne abin yake da daɗi, domin wannan bambanci na bin kalmomin har zuwa kan mutane. Huda alkawari ce, akwai abin da ke tafe bayanta. Don haka blossom takan ɗauki into. Their friendship blossomed into love, wato abota ce ta rikiɗe ta zama soyayya. Yarinya mai noƙe-noƙe ta shiga makaranta, bayan shekara biyu ta zama mai tsayawa gaban jama'a ta yi magana ba gargada, Bature zai ce she has blossomed. Bloom ba ruwanta da inda aka dosa, sheƙin yau take kallo: fata ta yi luwai, fuska ta cika. Mace mai juna biyu da jikinta ya karɓi cikin, a Ingila sukan ce mata you are blooming. Sai dai akwai late bloomer, mutumin da baiwarsa ba ta fito ba sai da shekaru suka ja. A wannan wuri bloom ce ta zauna, al'ada ce kawai, haddacewa ake yi.

Kada kuma a ɗauka duk bloom alheri ce. Idan gansakuka ta yi yawa ta lulluɓe tafki har ruwan ya koma kore shar, masana na kiran abin algal bloom. A watan Agustan 2014 irin wannan ta sa aka hana mutanen Toledo a jihar Ohio ta Amurka shan ruwan famfo na kusan kwana uku. Ba mai cewa algal blossom.

Yanzu thrive. Ni a ganina ita ce ta fi amfani a cikinsu, ita ce kuma aka fi mantawa da ita. Ba ta da alaƙa da fure ko kaɗan. Asalinta kamawa ne da riƙewa, kuma tambayar da take amsawa ita ce: wurin ya karɓe shi? Millet thrives in sandy soil, gero na yin kyau a jigawa. Raƙumi na thrive a hamada inda saniya za ta rame. Sauro ma na thrive a kwantaccen ruwa, domin kalmar ba ta yabo, labari kawai take bayarwa cewa abu ya samu abin da yake so yana ƙara ƙarfi. Jaririn da ba ya ƙara nauyi yadda ya kamata, likitoci na rubuta failure to thrive a katinsa. Da ka sa flourish a gurbin, sai ya zama kamar waƙa a ɗakin awo. Ku lura kuma da thrive on. She thrives on pressure na nufin matsin da ke karya wasu shi ne yake ƙara mata kuzari.

Flourish ta fi ƙawa, ta fi son manyan abubuwa: ilimi, fasaha, ciniki, daula. Scholarship flourished in Timbuktu, wato ilimi ya bunƙasa a Tambutu, musamman a ƙarni na 15 da na 16. Tana ɗauke da ma'anar zamani, lokacin da abu ke tashe kowa na gani. Shi ya sa a littattafan tarihi za ku ga fl. bayan sunan mutum tare da shekara. Gajarta ce ta floruit ta Latin, ana sa ta idan ba a san ranar haihuwarsa ko rasuwarsa ba, sai lokacin da yake aiki. Kalmar tana kuma zama suna: lanƙwasar da mutum ke yi a ƙarshen sa hannunsa don ado, ita ma flourish ce.

Prosper ba ta buƙatar dogon bayani, maganar arziki ce. Ɗan kasuwa na prosper, gari na prosper. Shuka da jariri, thrive ta fi dacewa da su.

Akwai wata da ba ta cikin dangin amma takan kutso, wato boom, babu harafin l. Idan ciniki ya buɗe, kaya na fita kamar ana rabawa, abin da aka saba faɗa shi ne business is booming. Wanda ya ce blooming za a gane shi, amma kunnen mai harshen zai ɗan tsaya. A bakin mutanen Birtaniya ma blooming na da wani aiki daban, ashar ce mai sauƙi da ake sawa a madadin bloody. Idan aka ce da mutum blooming idiot, ba furensa ake yabo ba, wawa aka kira shi.